Yadda Jatau Ya Sayi Gida da Tsohuwa a Ciki

Uwale mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan, kaina na kan cinyarta. Na kai mata kukan jikana Nafi'u ne. Zai sayi gidansa na farko, mai gidan kuma ya ce kada ya wahala, lauyansa ya ishe su duka biyun. Uwale ta ja min gashi ta ce, "Hajiya, ko Jatau bai yi wannan wautar ba."

Jatau mutumin Ɗanbatta ne, zuciyarsa fes, sai dai abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Shi da matarsa Kande da yara huɗu a ɗaki ɗaya na haya, an kuma ce su tashi kafin damina. Ya sayar da shanunsa, dillali ya nuna masa gidan gado na wani Alhaji Mudi.

Wata rana Kande ta ce, "Malam, ka je kotu ka samo mana wanda ya daɗe yana shiga can, ya tsaya mana." Jatau ya je ya tambayi masinja, wa ya fi kowa zuwa kotun nan? Da la'asar sai ga shi da Ɗan Lami ɓarawon awaki, har ya saya masa tsire. Kande ta leƙo, ta yi salati, ta jawo akuyarta cikin ɗaki.

Wata rana ta ce, "Lauya nake nufi! Kuma wanda babu abin da ya taɓa haɗa shi da Alhaji Mudi." Jatau ya bi ofis-ofis. "Ranka ya daɗe, kun taɓa haɗa sahu da Alhaji?" In an ce wataƙila ranar Juma'a, sai ya ɗauki takalmansa. Wani lauya ya faɗi don sun taɓa shiga mota ɗaya. Haka ya ƙare garin kaf, har ya dace da Barista Suwaiba, sabuwar zuwa daga Jos, ko sunan Alhajin ba ta taɓa ji ba.

Wata rana Barista ta ce, "Kada ka biya kowa komai sai ina wurin." Jatau ya sha shayi da burodi ya miƙe. Mai shayi ya riƙe masa riga.

"Kai, Jatau, sadaka na buɗe?"

"Sai lauyata ta zo."

Haka suka taho har ofis, mai shayi da ludayi a hannu. Barista ta yi dariya har da hawaye, ta tsaya a kansu aka sallame shi.

Wata rana ta ce, "Gidan gado ne. Sai na ji da kunnena kowa na gidan ya yarda." Alhaji ya kawo ƙannensa biyu, ya ce su ke nan. Jatau kuwa kowa aka ce masa. Ya ɗauko a-kori-kura ya kwaso yara, da mai wanki, da wata makauniyar tsohuwa da ya tarar a ɗakin baya tana jan carbi. Alhaji ya daka masa tsawa, "Wawa, wa ya aike ka?"

Tsohuwar ta ɗaga kai. "Mudi, muryarka ce? Me ake sayarwa?"

Ashe Iya Tabawa ce, matar marigayin da ya bar gadon, da rabonta a gidan, ba wanda ya gaya mata. Barista ta ce da an biya a haka, watarana shari'a za ta fitar da Jatau da yaransa waje. Ta zaunar da su, aka ware wa Iya haƙƙinta. Iya ta ce ta yarda, amma ita a ɗakinta za ta mutu.

"Ai dama da ke na ga gidan," in ji Jatau.

Kafin ruwan farko sun tare. Uwale ta ce har yau yaran Kande a ɗakin Iya suke cin tuwo.

Washegari ko koko ban sha ba na saka mayafi, na tari ɗan sahu sai wajen Nafi'u. Na same shi yana ɗaura agogo zai tafi wurin lauyan mai gida. Na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafa.

"Kaka, zan makara."

"Makara mana. Lauyan mutumin nan nasa ne, yau za mu nemo naka. Daga can kuma ka kai ni gidan, ɗakin baya nake so in leƙa."