Giram Ɗari Na Busasshen Tumatir

Wani mutum ne surukarsa ta raina shi. Kullum ta zo sai ta ce wa 'yarta, "Wannan mijin naki ko ruwan zafi aka ce ya dafa sai ya ƙona shi." Abin yana masa ciwo ƙwarai. Ranar da aka ce tsohuwar za ta zo, sai ya bugi ƙirji ya ce shi zai yi miyar rana da hannunsa.

Matarsa ta dube shi sama da ƙasa, ta rubuta masa komai a takarda, ta manna a jikin firij, ta tafi tasha ɗauko uwarta.

Gogan naka ya yanka albasa, ya ɗora tukunya. Da ya zo layi na uku sai ya ga an rubuta: busasshen tumatir, giram ɗari. Ga tumatir cike da roba, ga kofi, amma babu sikeli a kicin. Ya leƙa ta taga ya kira maƙwabciyarsu.

"Maman 'yan biyu, giram ɗari na busasshen tumatir kofi nawa ne?"

"Zuba kofi biyu, ya isa."

"Kin auna?"

"Shekara ashirin ina girki, Malam."

"Ai ba shekara na tambaye ki ba," in ji shi, ya rufe taga. Yau ba ranar kintace ba ce.

Can ya tuna da sikelin da matarsa take hawa tana duba ƙibarta, mai allura. Ya jawo shi daga ƙarƙashin gado ya kawo kicin. Ya ɗora kofin tumatir a kai, allura ko gezau. Ya hau da kansa, ta nuna tamanin. Ya ɗauki kofin ya riƙe, tamanin dai. Ya ɗora kofin a ka, tamanin.

Ya sosa ƙeya. Sai ya tafa hannu.

"Na gane! Wannan sikelin mutane ne. Abin da ke cikin mutum kaɗai yake ƙirgawa."

To, dabara ta samu. Zai ci tumatir yana ƙirga kofi, da zarar allura ta motsa ya san awonsa, sai ya zuba daidai hakan a tukunya. Ya ɗaga kofi na farko ya tauna kamar mai cin fatar takalmi. Ya hau. Tamanin. Ya ci na biyu, ya ci na uku, muƙamuƙinsa har ƙara yake yi. Tamanin.

A kofi na biyar maƙogwaro ya bushe ƙamas. Ya kafa kai a jarka ya sha ruwa har sai da ya ga gindinta. Ya hau sikeli, allura ta yi tsalle: tamanin da biyu!

"Kai! Ashe nauyin ɓoyewa yake yi, sai daga baya ya fito. Yanzu kuma na zarce."

Sai ya ce bari ya sake gwajin daga farko, a hankali, don kada a yi kuskure. Ya sake ci, ya sake sha. Kafin ya ankara roba ta koma fanko, ko ƙwaya babu.

Shi kuwa busasshen tumatir, kowa ya san halinsa in ya samu ruwa. Ciki ya fara tashi. Maɓallin riga ya ɓalle ya daki murfin tukunya. Mutumin ya zame ya kwanta a tsakiyar kicin yana nishi, takarda a hannu.

A haka suka shigo suka same shi. Matar ta buɗe tukunya, albasa ce kawai ke yawo a ruwa.

"Na shiga uku! Ina tumatirin?"

Ya nuna cikinsa da yatsa. "Yana nan. Ya ma jiƙu. Lissafin ne kaɗai ya rage."

Tsohuwa ta ajiye jakarta, ta sunkuya ta ɗan ƙwanƙwasa cikin, ta saurara. Sannan ta juya wajen 'yarta.

"To me kike jira? Ba shi gishiri ya lasa, ki kama ƙafa in kama kai mu ɗora shi a wuta. Ni yunwa nake ji."