Ranar da Dutsen Bima Ya Lanƙwashe

Allah ya yi wa Gombe gata da ya ba ta Dakta Zulkifilu. Zamansa a ƙasar waje bai tafi a banza ba: ya dawo da tabarau, da sanƙo, da ilimin wani ɗan mitsitsin furotin da ke zaune a bangon ƙwayoyin halittar jikin mutum yana karɓar saƙo. Masana na ce masa risefta. Har mai ƙosan unguwar Arawa ta haddace labarinsa, don Dakta ba ya karɓar ƙosai sai ya koyar.

"Abin tausayi ne, ba shi da siffar kansa," in ji Dakta, yana kaɗa yatsa. "Duk wanda ya manne masa, shi ke lanƙwasa shi. Wannan ya zo ya buɗe, wancan ya zo ya tsuke. Ni kuwa dutsen Bima ne. Ba na motsi!"

Gaskiyarsa, ba ya motsi, sai in ya hango babba.

To, kwalejinsu ta gina sabon ɗakin bincike, ana neman shugaba. Dakta na son kujerar nan kamar ransa, har ya sa an sassaƙa masa allon ƙofa. Masu zaɓen biyu ne, Farfesa Jerome da Farfesa Iklima, kuma ba sa ga maciji. Wannan bai dami gwanin namu ba. In zai ga Jerome sai ya saka kwat, ya miƙe ƙyam, ya sha hannu, ya raɗa masa cewa Hajiya Iklima ce ke mayar da kwalejin baya. In zai ga Iklima sai ya koma mota ya zura babbar riga, ya zube ƙasa: "Ranki ya daɗe, ai mutumin nan ba ya jin shawara." Ɗalibai marasa kunya suka sa masa suna Dakta Danƙo. Hassada ce kawai!

Ana gobe zaɓe ya shirya gagarumar lacca, zama biyu. Ya gayyaci Jerome da safe, Iklima da yamma, shi a dole mai dabara. Da safe ya hau mumbari cikin kwat, ya yi ta zuba, har ya kwatanta kansa da Bima sau ba adadi.

Wata ɗaliba, Najeeba, ta ɗaga hannu. "Malam, in biyu suka manne masa lokaci guda fa?"

"Tambaya mai kyau! Sai ya rikice, ya ƙage, ko saƙo ɗaya ba zai fita ba."

Bai rufe baki ba ƙofa ta buɗe. Farfesoshin nan biyu suka shigo tare, suna dariya. Ashe a mota ɗaya suka zo, kuma sun sha hira a hanya.

Wayyo Dakta! Hannun dama ya miƙe wajen Jerome, gwiwar hagu ta nufi ƙasa wajen Iklima, kwat ta ce ɓarrr a baya. Haka ya tsaya, rabi sama rabi ƙasa, baki buɗe, ko saƙo ɗaya bai fita ba. Wayoyi suka tashi ana ɗaukar hoto, ɗaki ya ɗauki tafi. Ni kaina sai da na yi hawaye don dariya.

Washegari, karon farko a tarihin kwalejin, farfesoshin suka yi baki ɗaya: kujera ta tafi ga wani. Amma ba a yi wa Dakta butulci ba, ya samu shiga sabon ɗakin. Hotonsa na ranar nan yana rataye a bango, da shi ake koya wa 'yan aji ɗaya yadda risefta ke aiki.