Mitar Bango da Ƙafar Kawu

Jama'a, yau na faɗo daga kan kujera a wata cibiyar bincike, kuma a bakin aikin kimiyya na faɗo. Don haka a daina raina ni a unguwa.

Ƙanwata ce ta ja ni can. Shekara huɗu ke nan tana fama da wata na'ura mai kama da biro, wadda ke fitar da siririn harshen wuta shuɗi-shuɗi da suke kira filasma. Na sa yatsa ina karanto duk addu'ar da na iya, sai na ji kamar an hura mini iska. Ta ce ana sa ran wutar za ta kashe ƙwayoyin cuta a gyambon da ya ƙi jin magani. Nan take Kawunmu tela ya faɗo mini a rai. Ciwon suga ya huda masa ƙafar dama, wadda yake taka keke da ita, kuma likita ya ba shi wata guda: ko miki ya fara haɗewa, ko wuƙa.

Na ce, "To me ake jira? A ɗauko shi mana!"

Ta ce, "Yaya, ba a haska wa mutum sai an san ainihin ƙarfin lantarkin da ke fita a bakin biron nan. Ya yi kaɗan, aikin banza. Ya yi yawa, a ƙona nama."

Akwai abin awo na musamman da ake maƙala wa na'urar, kuma sau bakwai tana rubuta takardar neman sa. A ta bakwai ne Mai Girma Shugaban Kwamitin Hana Almubazzaranci, Allah ya ƙara masa basira, ya amsa da jan biro: me za a yi da sabon abin awo ga mita a bango? Wuta ai wuta ce. Aka karanta mitar bango, aka kai masa lamba, ya ce wannan ƙarfin ya isa ya gasa bijimi, ya haramta gwaji a kan ɗan Adam. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ni rimi ban samu ba, kujera na hau, don a sake awon da shaida. Tana ciki tana kiran "Na kunna!", ina waje ina karanto lamba. Ta ce "Na kashe!", mita ko a jikinta, sai gudu take yi. Na leƙa in ga dalili, kujera ta goce.

Wani dattijon masinja ne ya ɗaga ni. Yana kaɗe mini riga ya ce, "Malam, ka wahalar da ƙugunka a banza. Mitar nan har da ofishin Ranka-ya-daɗe take ɗauka: na'urar sanyaya ɗaki biyu, firij, butar shayi, da kujerar tausa."

Ashe zafin shayin Mai Girma aka auna aka ɗora wa biron ƙanwata.

Na ɗingisa zuwa wurin sakataren Mai Girma, na roƙi a kashe kayan minti goma kacal.

"Ba a kashewa. Kujerun fata ba sa son zafi."

"To, a yi masa magana."

"Yana ƙasar waje. Farcen ƙafarsa ya shige nama. Kashe na'ura sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai ya dawo."

Na yi wa farcen addu'ar samun sauƙi. Da ƙanwata ta ji haka, ta koma ciki ta rufe ƙofa. Wallahi raina ya ɓaci, don na san kuka ta je yi.

Da la'asar na biya asibiti. Watan Kawu ya cika, an sa ranar Alhamis za a yanke ƙafar. Na zayyana masa komai ina jiran ya yi faɗa, sai ya shafa bandejin. Can ya ce, "Ɗana, in ka bi ta kasuwa, ka tambayar mini ko ana sayar da takalmi ƙafa ɗaya."

Na ce zan tambaya. In an samu, zan kai wa kwamiti labari, tun da an rage almubazzarancin takalmi guda. Wa ya sani, ƙila su ba Kawu lambar yabo.