Ranar da Na Dafa Lantarkina

Ba zan taɓa mantawa ba da tukunyar taɓon da na ajiye a bayan aji a Makarfi, gab da samun mulkin kai. Ina ƙaramin malami, na karanta cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin ruɓaɓɓen taɓo suna ba da ɗan lantarki in suna cin abinci. Na ɗebo taɓon fadamar Gazara, na binne gawayi a ƙasan tukunyar, na sa wani a saman ruwan taɓon, na haɗa su da waya zuwa ma'auni mai allura da na aro.

Kwana goma shiru, sannan allura ta motsa. Na koyi halin ƙwayoyin kamar surukai: in an ɗiga musu ruwan rake su yi murna, da sanyin safiya su yi nawa, in an motsa taɓon iska ta shiga su yi yaji. Wari kuwa, har hedimasta ya canza hanyar zuwa ofis.

Sai aka ce Baturen makaranta zai zo ya duba aikinmu, ya zaɓi malami ɗaya tsakanin makarantarmu da ta garin Kudan, a tura shi kwas Zariya. Na sa rai ƙwarai. Amma ta yaya zan nuna wa babban baƙo ƙazanta (ni da nake koyar da darasin tsafta)? Ana gobe zai zo na tace taɓon, na cuɗe tukunya da toka, na tafasa komai sarai.

Bature ya zo, na yi jawabi da Turancin da na goge kamar rigata, na haɗa waya. Allura ko gezau. Na ƙwanƙwasa ma'auni. Na hura masa iska. Ya sunkuya ya shinshina, ya ce da Hausarsa ta littafi, "Malam, ina warin?"

Na ce da alfahari, "Ranka ya daɗe, na tafasa shi."

"Me kake gaya wa yara tafasawa tana yi wa ƙwayoyi?"

Aji duka ya amsa da muryar da ni na koya musu: "Tana kashe su!"

Hedimasta ya matso a hankali ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam. Ashe don ta'aziyya muka tara mutane."

Malamin Kudan ne ya tafi Zariya, albarkacin akurkin kajin da ya nuna wa Bature, wanda bai ko share ba. Ni kuma tun ranar, abin da ke aiki ba na yi masa wanka don baƙo, ko da warinsa ya kai Ikara.