Ƙofar da Munka Ci Tuwo Bisanta

Ba zan taɓa mantawa da abin da bakina ya jawo mini ranar auren ɗiyar Sani tela ba. Sani abokina ne tun muna yara a Boɗinga. Ya shekara sha biyar yana ɗinki Abuja, ni kuwa direban babbar mota, yau Legas gobe Yamai, har na ɗauka babu birnin da ban haddace ba.

Ƙauyen Dingyaɗi anka ɗaura auren, gidan wan Sani. Munka zauna gindin darbejiya, anka jera kwanonin tuwo bisa wani tebur mai lulluɓe da leda. Sai wani ya ɗauko zancen rusau ɗin da ake yi bayan garin Abuja. Ni da ba a tambaya ba na gyara hula.

"Ai gara da anka rushe su," na ce. "Na san unguwannin nan. Kowa ya samu bulo ɗari da kwanon rufi biyar sai ya kafa ɗaki, ba takarda, ba magudanar ruwa. Ƙazanta dai!"

Wan Sani ya taka mini ƙafa (na ɗauka wuri yake nema, har na matsa mishi). Na juya ga Sani da tsokana: "Kai kuma uban amarya, rowa ta sa ka kawo mu ƙauye? Ina gidan naka na birni?"

Sani ya janye kwano, ya ɗaga gefen ledar. Ashe ba tebur ba ne. Ƙofar ƙarfe ce anka aza bisa bulo, ga jan fentin masu rusau an gicciya mata.

"Ga shi nan, Alhaji," ya ce a hankali. "Ita kaɗai munka samu cirewa kahin motar rusau ta iso. Haya ta hi ƙarhina, shi ya sa na gina can. Ci tuwonka, kada shi huce."

Lomar da ke hannuna, na rasa bakin kai ta. Ya yafe mini, har ya raka ni bakin titi. Amma tun ranar ya koma ce mini Alhaji, shi da ke kirana Ɗan-gajere shekara arba'in.

Yanzu in an soma hirar gidajen talakawa, tuwona nake ci. Ashe daga kujerar direba, rufin kwano kawai mutum ke hange.