Awon Ƙofar Lungu

"...ya kuma ƙafar, Hajiya?" in ji Isyaku, yana durƙushe a bakin ɗakin kakarsa 'Yardada.

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta. Yau kuma wace iska ce ta kwaso min kai da rana tsaka?"

Lungunmu na Yakasai dai ya kwana biyu ba zaman lafiya. Tun ranar da wani mai adaidaita sahu ya kwashe 'yar maƙwabciyarmu Lauratu a ƙofar gidansu, Allah ya taƙaita abin ya tsaya a karayar hannu, unguwa ta dare biyu. Mata da samari suka ce a rufe bakin lungu, mota da adaidaita sahu su daina shiga. Alhaji Umar mai mota da masu shaguna suka ce ba su san zance ba. Wallahi har na gaji da fita alwala, kowa ka taɓa ya zama lauya. Isyaku ne shugaban samari, shi aka turo ya shawo kan tsohuwa kafin taron la'asar, don in 'Yardada ta ce e, babu dattijon da zai iya cewa a'a.

"Goyon baya na zo nema, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ƙofa za mu sa a bakin lungu."

"Innalillahi! Ƙofa? Lungun da aka kawo ni amarya, shi za ku garƙame kamar akurkin kaji?"

"Lokacin da aka kawo ki ai ko keke ba a ƙera ba. An ce da ke aka gina ganuwa."

"Da ni aka gina ta, da ƙeyarka aka daɓe ta. Ja'iri, mai kai kamar tulu!"

"Tulun dai a gidanku aka gado shi. Hajiya, yara nake ji. Rigakafi ya fi magani."

Tsohuwa ta gyaɗa kai. "Yarinyar nan ta tsaya min a rai, kukanta har nan ɗakin na ji shi. A rufe ɗin. Umar ya ajiye motarsa a bakin titi ya tako, ko tumbin nan ya ragu. To wace irin ƙofa ce?"

Nan fa Isyaku ya gyara zama, baki har kunne. Ya ce ai ƙofa tana wajen mai walda, gobe za a kafa ta. 'Yar siririya ce, bango dama da hagu, samanta kuma ƙarafa masu tsini saboda ɓarayi.

"Da me kuka auna faɗinta?"

"Da babur ɗina. Cif ya shige, ko madubi bai taɓa ba."

'Yardada ta ajiye carbinta a kan tabarma, ta zuba masa ido.

"Makara fa?"

"Wace makara kuma?"

"Ta masallaci, wadda za a fitar da ni a ciki! Mutane a dama, mutane a hagu, ni a tsakiya. Ta ina za mu bi?"

Jama'a, samarin nan sun yi taro ya fi a ƙirga, sun yi musu kan fenti, sun yi musu kan kwaɗo, amma a cikinsu an rasa wanda zai tuna cewa ana mutuwa a lungun. Abin haushi, abin dariya.

"To... ai sai a ɗan karkata ta, ta shige."

"La'ilaha illallahu! Ni za a karkata? Katifa ce ni?"

"Ko kuma a miƙa ki ta katangar Malam Maharazu."

"A haura katanga da ni kamar kayan sata! Kun ji ɗan nema! Garin neman gira za ku rasa ido."

"Ke da ba ki da niyyar tafiya? Mu jikoki mun gaji da jiran gumbar sadakarki, har haƙoranmu sun fara girgiɗa."

"Ko lasa ba za ka yi ba. Wasiyya zan bari, a ba kajin gidan nan rabonka."

Isyaku ya buɗe baki zai rama, sai ya ga fuskarta ba ta wasa ba ce.

"Isyaku," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Kakanka ta lungun nan aka fita da shi, a kafaɗar mutane, wannan ya karɓa wancan ya karɓa, lungu ya cika maƙil. Ina leƙe ta zaure har suka sha kwana. Ni ma abin da nake roƙon Allah ke nan, in fita daga gidana a miƙe, da mutuncina. Ba mutuwar nake tsoro ba. A tsaya da ni a bakin ƙofa ana shawarar yadda za a yi da ni, shi nake tsoro."

Kunya ta rufe Isyaku, ya sunkuyar da kai yana murza hula.

"Na sallama, Hajiya. Yanzun nan zan aro makarar, mu kai wa mai walda ya sake awo."

"Ka tafi da ƙarti masu kafaɗa, ba irinka sillan kara ba. Su ɗauka su wuce ba tare da gwiwar hannun kowa ta gogi ƙarfe ba. In an yi haka, ka gaya wa dattawa 'Yardada ta ce a rufe."

Ta kwance haɓar zaninta, ta ɓare goro fari, ta miƙa masa ɓari ɗaya. "Ungo, ladan jin magana."

Ya karɓa da hannu biyu, ya miƙe. Har ya kai bakin zaure sai ya juyo.

"Hajiya, in an gama ƙofar, don Allah kada ki yi saurin gwadawa."

"Kai dai ka gyara. In ta yi faɗi sai in ƙara gyara zama, don in ba ka haushi."

Isyaku ya fashe da dariya, ya fita yana goge ido da hularsa.