Yadda Na Sayo Mana San Huɗa

Ba zan taɓa mantawa da ƙaramar Sallata ta farko a Ƙauran Namoda ba, kuma ko na so mantawa, tsofaffin abokan aikina ba za su bari ba. Lokacin muna jihar Sakkwato, ni sabon malamin aikin gona ne a wata sakandare, ga takardar shaida sabuwa fil, ga amarya a ɗaki. A ganina duk ƙasar nan ba wanda ya san saniya kamar ni (ni da ko akuya ban taɓa ɗaurewa a turke ba, sai a littafi).

Al'adar malaman makarantar ce duk Sallah su yi watanda: a haɗu a sayo sa guda, a yanka ran jajibiri, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya kai gida. Gida goma sha huɗu ne, kuma yawancinmu wannan kason shi ne naman Sallar gaba ɗaya. Mai zaɓo sa kullum shi ne Baba Maidamma, maigadinmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana raka shanu Kurmi a jirgin ƙasa. Ni da bakina na miƙe a taron malamai na ce zamanin ƙiyasi ya wuce, yanzu da ilimi ake sayen dabba. Firinsifal ya ce, "To, Malam, bana kai za ka zaɓo. Baba ya raka ka."

Ran kasuwar Moriki muka shiga kara, inda ake cinikin shanu, ina rataye da tef ɗin awo a wuya kamar tela. Baba ya tsaya gaban wani ɗan sa irin Gudali, gajere, mulmulalle, ya shafa tozonsa, ya buɗe bakinsa ya leƙa haƙora.

"Malam, wanga na turke na. Harawa da dussa yac ci, bai taɓa wahala ba. Mu ɗauke shi."

Na yi murmushin tausayi. Can gefe ga wani jan sa, ƙato, kusan ninkinsa, kuma farashin bai wuce na ƙaramin ba. Na zagaya ƙirjinsa da tef, na rubuta a takarda, dillali yana ta jinjina min kai (yanzu na san dariya yake haɗiyewa).

Baba ya matso ya yi ƙasa da murya. "Duba wuya nai, Malam. Ka kuma duba baki."

Na taɓa wuyan na ji shi da tauri kamar ƙirgi. Na ce, "Baba, ƙwanji ne. Nama ke nan zalla." Bakin kuwa ban buɗe ba, don tsoro nake ya cije ni. Baba ya ce, "Allah shi sa albarka." Muka biya, muka jawo jan san.

Ran jajibiri kowane kashi ya yi tudu, aka yi ta sa min albarka, na koma gida ina tafiya da ƙyar don alfahari.

Bayan Idi muka taru gidan firinsifal cin tuwon Sallah, har da Baba. Aka kawo miya, nama zuƙu-zuƙu. Muka yi bisimilla, sai hira ta mutu. Ba ka jin komai sai tauna. Ni ma na ɗauki tsoka na yi ta juya ta a baki, ta ƙi rabuwa, ta ƙi haɗiyuwa. Malamin Larabci, dattijo mai kamun kai, ya kama tasa da haƙori ya ja da hannu, ta kuɓuce ta yi tsalle ta dira a ƙirjin farar babbar rigar firinsifal, ta gangaro da miyarta.

Firinsifal ya dubi rigar, ya ce, "Tun asuba naman nan ke kan wuta, har kanwa an sa. Baba, mi ya faru?"

"Ranka shi daɗe, san huɗa na. Kantar karkiya ta a wuya nai, haƙora duk sun cinye. Wanga ya noma geron da ya hi wanda ni da ubana munka noma. Na hwaɗa ma Malam, yac ce ƙwanji na."

Aka kwashe da dariya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi damuna, gida goma sha huɗu ne na bari da Sallar da ba ta taunuwa, har da amaryata da ta ƙarar da itacenta kaf.

Baba ne dai ya fid da ni. Ya ce kowa ya mai da naman wuta ya sha dahuwa, a daka a turmi, a soya, don tsohon sa ba ya da kitse, ya fi kyau da dambu. Yinin ranar unguwar malamai ba ka jin komai sai lugude. Dambun ya yi daɗi kuwa, muka ci har bayan sati biyu, amma sunan Malam Karkiya ya bi ni har na yi ritaya.

Sallar da ta zagayo na sake bin Baba Moriki, ba tef a wuyana, igiya kawai na riƙe masa. Tun daga nan in na shiga kara, bakin sa nake fara buɗewa, nawa kuwa in rufe shi.